Babi na Bakwai: Me Dutse Yake Nema a Kan Zinariya?

Duk wanda ya ga hoton kwandalar zinariya da aka dasa wa daimon, tambayar da ke fara zuwa masa ita ce: in dai zinariya ce tsantsa, me kuma take nema wurin dutse? Tambayar tana da tushe. Macen da ta taɓa kai ɗan kunnenta kasuwa don ta sayar ta san abin da mai shago zai ce tun kafin ya ɗora a sikeli: "Hajiya, sai fa an cire nauyin dutsen nan." A wurinsa dutse kaya ne da ya hau kan zinariya bai biya kuɗin mota ba. To ta yaya aka yi wasu gidajen buga kuɗi na gwamnati suke ɗaukar zinariya mai tsarki, su huda ta, su dasa mata dutse, sannan su ninka farashinta sau goma ko fiye, kuma a yi rububin saye?

Kilo guda da ɗan ƙwaya

Mu fara da lissafi, don shi ne ba ya ƙarya. A shekarar 2016 gidan buga kuɗi na Perth, a yammacin Ostireliya, ya fitar da kwandala ƙwaya ɗaya tal mai suna Kimberley Treasure. Nauyinta kilo ɗaya na zinariya. A fuskarta akwai hoton kangaru, dabbar nan mai tsalle da ƙasar ke tinƙaho da ita, tana riƙe da jan daimon a hannuwanta na gaba. Nauyin daimon ɗin karat 0.54 ne. Karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, wato dutsen da kaɗan ya ɗara kashi ɗaya cikin goma na giram. An sa mata farashin dalar Ostireliya miliyan ɗaya, kuma cikin 'yan kwanaki wani ɗan kasuwa daga Dubai ya saye ta.

A farashin wancan lokaci, zinariyar da ke jikinta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da aka biya ba. Sauran duk na dutsen ne, da aikin hannu, da kuma wani abu da sikeli ba ya iya aunawa. Wannan abu na ƙarshe shi ne batun wannan babi. Zinariya ko'ina ka kai ta magana ɗaya take yi: nauyi kaza, tsarki kaza, farashin yau kaza. Dutse kuwa sai an ba ka labarinsa kafin ka san darajarsa, kuma labarin da ke ci a Shanghai ba lalle ne ya ci a Landan ko Mumbai ba.

Abin da ya sa kuɗin kashewa ba ya ɗaukar dutse

Kuɗi yana aiki ne saboda kowace ƙwaya daidai take da 'yar'uwarta. Lokacin da Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga dinarinsa mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, wajen 697 Miladiyya, nauyinsa kusan giram 4.25 ne, kuma kyawunsa ke nan: ɗan kasuwa a Dimashƙa da takwaransa a Misra ba sa bukatar sanin juna kafin su yarda da shi. Da za a dasa wa kowane dinari yaƙutu, da ciniki ya tsaya, domin babu yaƙutu biyu da suke daidai. Wannan ya fi ja, wancan yana da tsaga a ciki, na ukun ma ya faɗi a hanya.

Masu karatun fiƙihu sun san wannan matsala tun daga hadisin Fadalatu bin Ubaidu da ke cikin Sahihu Muslim. A ranar Haibara ya sayi abin wuya mai zinariya da duwatsu a kan dinari 12. Da ya rarraba shi sai ya tarar zinariyar da ke ciki ta fi ta dinari 12 ɗin da ya biya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a sayar da irin wannan da zinariya sai an raba dutsen da ita. Ashe mai shagon da ke cewa sai an cire dutse yana kan tsohuwar hanya, ko ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka da zarar dutse ya hau kan kwandala, ta bar aikin kuɗi ta shiga wani aikin. A gidan tarihi na Birtaniya akwai wani gicciye na zinariya da aka tsinta a Wilton, cikin yankin Norfolk na Ingila, aikin ƙarni na bakwai. A tsakiyarsa akwai kwandalar zinariya ta Hirƙal, sarkin Rum ɗin nan da muka sani a littattafan sira, an kewaye ta da jajayen duwatsu. Maƙerin bai fito da fuskar sarki waje ba. Ya juya ta baya, ya fito da gefen da ke da alamar gicciye. Kwandalar da aka buga don biyan sojoji da karɓar haraji ta koma abin ratayawa a ƙirji don shelar addini.

Bambancin na yau shi ne, ba maƙeri ne ke ɗaukar tsohon kuɗi ya yi masa ado ba. Gidan buga kuɗin ne da kansa ke haifar kwandalar da dutsenta, a rubuta mata daraja a jiki, doka ta amince da ita a matsayin kuɗin ƙasa. Darajar da ake rubutawa dai ta cika sharaɗi ce kawai. Ko kwandalar zinariya ta Amurka mai nauyin oza ɗaya, wadda ba ta da dutse ko ɗaya, dala 50 aka rubuta mata, alhali zinariyar jikinta ta dubban daloli ce.

Me ya sa takwas?

Daga 2018 gidan Perth ya fara wani jeri na kwandaloli, ɗaya a kowace shekara. Kowace tana da nauyin oza 10, wato kusan giram 311, kuma a kanta an ɗora siffar wata dabba da aka ƙera daban, aka lulluɓe ta da ƙananan daimon masu ruwan hoda. Ta farko tsuntsuwar almara ce da Sinawa ke kira fenghuang. A 2019 aka yi dodon Sinawa, a 2020 damisa, sannan doki, kifin koi, maciji, haka dai. Kowane iri ƙwaya takwas kacal aka buga.

Me ya sa ba bakwai ba, ba goma ba? Domin a wurin Sinawa takwas lambar arziki ce. Ƙasar da ta buɗe gasar Olamfik ta Beijing da ƙarfe takwas na dare, ranar 8 ga watan 8 na 2008, ba ta ɗauki wannan lamba da wasa ba. Huɗu kuwa gudunta ake yi, saboda ana danganta ta da mutuwa, har wasu dogayen gine-gine ba su da hawa mai wannan lamba. Wanda ya ƙayyade adadin kwandalolin nan ya san wa yake yi wa talla.

Dabbobin ma haka. Dodon Sinawa ba abin tsoro ba ne kamar na tatsuniyoyin Turawa da jarumi ke zuwa ya kashe. Shi ne mai ruwan sama da koguna, kuma tambarin sarki. Fenghuang ta sarauniya ce, in aka haɗa su biyu kuma ana nufin aure mai albarka, shi ya sa suke cika kayan biki. Kifin koi yana da labarin da kowane yaro a Sin ya sani: kifin da ya yi ta iyo yana fuskantar igiyar Rawayen Kogi har ya tsallake Ƙofar Dodo, sai ya rikiɗe ya zama dodo. Da wannan labari ake yi wa mai shiga jarrabawa fatan alheri tun zamanin da jarrabawar fada ce babbar ƙofar da ɗan talaka ke bi ya zama jami'in sarki. Attajirin da ya fara da talla a bakin titi, in ya ga wannan kifi a kan zinariya, tarihin kansa yake gani.

Launin dutsen ma ya yi daidai da bukata, tunda ja da danginsa su ne launin murna a can: jar ambulan ake saka kuɗin barka da sabuwar shekara, ja amarya ke sawa. Haɗa zinariya da dutse kuwa ba baƙon abu ba ne gare su. Lambobin yabon gasar 2008 ɗin nan an dasa musu zoben dutsen jed a baya, dutsen da Sinawa suka daɗe suna kwatanta shi da halin mutumin kirki.

Kifin da ya bar ɓawonsa a kan dutse

Yanzu mu bar mai saye mu koma inda dutsen ya fito, domin a nan ne labarin ya fi nauyi.

Daimon ɗin da ke kan waɗannan kwandaloli na mahaƙar Argyle ne, a gabashin yankin Kimberley, can arewa maso yammacin Ostireliya. An gano daimon a wurin a 1979, aka fara haƙa a 1983, kamfanin Rio Tinto ya rufe ta a watan Nuwamba na 2020. A tsawon waɗannan shekaru ita ce ke samar da fiye da kashi 90 cikin 100 na daimon mai ruwan hoda a duniya, duk da cewa irin wannan launi bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake tonowa a wurin ba. Launin ba daga wani sinadari da ya shiga dutsen yake zuwa ba. Matsi ne mai tsanani a ƙarƙashin ƙasa ya murɗe tsarin cikinsa, har ya canza yadda haske ke ratsa shi.

Mafi yawan abin da Argyle ke fitarwa daimon ne mai ruwan ƙasa, wanda a da ba a ganin ya cancanci ado, sai aikin masana'antu. Masu talla suka zauna suka raɗa masa sunayen giyar Faransa masu tsada, sai ga shi a wuyan mata a manyan shaguna. Dutsen bai canza ba, labarinsa ne aka canza. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin kasuwar duwatsu.

Amma ƙasar tana da masu ita, kuma suna da nasu labarin tun kafin Bature ya san akwai wata nahiya a wurin. Mutanen Gija da Miriwung, 'yan asalin yankin, suna cewa a farkon zamani wasu mata sun nannaɗe ciyawa suka yi koma da ita, suna koro wani babban kifi da ake kira baramundi zuwa inda ruwa ya yi ƙaranci. Da kifin ya ga an rutsa shi sai ya yi tsalle ya bi ta wata tsaga a jikin tsauni. Wajen kutsawa duwatsu suka kankare masa ɓawo, ɓawon ya zube a wurin. Wannan ɓawo mai launi iri-iri, in ji su, shi ne daimon. Tsagar tana nan, sunanta ma na kifin ne, kuma wuri ne mai alfarma musamman ga mata. A daidai nan aka haƙa ramin.

Yarjejeniyar farko da aka yi da 'yan ƙasa a 1980, mutane ƙalilan ne suka sa mata hannu, kuma ta bar baya da ƙura na shekaru. Sai a 2004 aka ƙulla wata sabuwa wadda ta amince da haƙƙinsu, ta tanadi kuɗi da ayyukan yi da kare sauran wurare masu alfarma. Har zuwa rufe mahaƙar, dattawan yankin kan yi wa sababbin ma'aikata wani biki da ake kira manthe, da hayaƙi da ruwa da ganye, don ƙasar ta san su kada ta cutar da su.

To dubi yadda abin ya kasance. Dutsen da masu ƙasa ke ganin ɓawon kifinsu ne, an ɗauke shi an lulluɓe jikin wani kifin daban, na wani kogi da ke wata nahiya, saboda labarin wancan kifin ne masu kuɗi suka sani. Kifaye biyu, duka sun yi tsalle sun tsallake shinge, amma ɗaya ne ya samu shiga jerin. Ban ce gidan Perth ya yi laifi ba, ɗan kasuwa yakan kai kaya inda ake nema. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, in aka ce kwandala tana ɗauke da al'ada, yana da kyau a tambaya: al'adar wa? Sau da yawa amsar ita ce al'adar mai biya.

Ko a lokacin da gidan ya waiwayi tarihin gida, wani ɓangare ya zaɓa. A 2018 ya fitar da kwandala mai suna Discovery, kilo biyu na zinariya da daimon huɗu na Argyle, a kan dalar Ostireliya miliyan 2.48. An yi ta da siffar kuɗin farko na Ostireliya a zamanin mulkin mallaka, wanda Gwamna Lachlan Macquarie ya samar a 1813 ta hanyar huda tsakiyar dalolin azurfa na Sifen guda 40,000 don kada 'yan kasuwa su fice da su. Mai huji a tsakiya, kamar tsohon kwabon da kakanninmu suka kashe. A jikinta akwai jirgin ruwa mai filafilai, da mai wankin zinariya, da bishiyar boab, wadda 'yar'uwar kukarmu ce. Sunan kwandalar yana nufin ganowa. Jikokin matan da suka koro kifin ba za su ce an gano ƙasarsu ba.

Kanada ma ta bi sahu. A 2022 gidan buga kuɗinta ya yi gwanjon wata kwandala mai kilo ɗaya, ta farin ƙarfen filatinam, mai ɗaruruwan daimon na Argyle, ta tashi a kan fiye da dalar Kanada miliyan ɗaya. Zanen da ke kanta furen ceri ne, wanda in aka ambace shi Japan ce ke fara zuwa zuciya.

Indiya, inda kowane dutse ke da tauraronsa

A Indiya ba a bukatar mai talla ya ƙirƙiro wa dutse ma'ana. Mabiya addinin Hindu suna da jerin duwatsu tara da suke kira nabaratna, kowane da abin da yake wakilta a sama: jan yaƙutu na rana, lu'ulu'u na wata, murjani na Mirrihu, zumurrudu na Uɗaridu, daimon na Zuhura, shuɗin yaƙutu na Zuhalu, da sauransu. Mai duba ne ke gaya wa mutum wanda zai sa da wanda zai guda. A ranar Dhanteras, gabanin bikin Diwali, iyalai kan sayi kwandalar zinariya mai hoton Lakshmi, wadda suke ɗauka allahiyar arziki. A kudancin ƙasar amare kan rataya sarƙar da aka jera wa irin waɗannan kwandaloli, sau da yawa da ɗigon jan dutse a saman kowace.

Wani abin ban mamaki ya faru a watan Satumba na 2023. Wani kamfani a Landan ya bayyana kwandala mai suna The Crown don tunawa da Sarauniya Elizabeth ta Biyu, shekara guda bayan rasuwarta: kusan kilo huɗu na zinariya, daimon fiye da 6,000, an ƙiyasta ta a kan dalar Amurka miliyan 23. Sunan kamfanin East India Company. Tsohon kamfanin mai wannan suna shi ne ya mallake Indiya, shi ne kuma ya karɓe daimon ɗin Koh-i-Noor daga hannun Duleep Singh, sarkin Punjab ɗan shekara goma, a 1849, aka miƙa wa Sarauniya Victoria. An rushe kamfanin a 1874. Wanda ya farfaɗo da sunan a wannan ƙarni, Sanjiv Mehta, haifaffen Mumbai ne. Ba'indiye ne ya riƙe sunan da ya kwashe duwatsun Indiya, ya kuma dasa daimon a kan hoton sarauniyar Ingila don sayarwa. Baturen da ya kalli kwandalar zai ga girmamawa ga marigayiya. Ba'indiye zai iya ganin ramuwar gayya, ko ya ga abin takaici. Koh-i-Noor dai har yau yana Hasumiyar Landan.

Sunan aro

Ba kowa ke da miliyan ba, kuma kasuwar ta san haka. Ƙasa da waɗannan manyan akwai dubban kwandaloli masu sauƙin kuɗi, yawancinsu na azurfa ko masu ruwan zinariya, waɗanda dutsen da ke kansu gilashi ne da aka goge, irin na kamfanin Swarovski. Kamfanoni masu zaman kansu a Turai ne ke tsara su. Tunda kamfani ba shi da ikon buga kuɗi da sunansa, sai ya nemi wata ƙasa ta ara masa nata a biya ta. Tsibirin Niue, wanda mutanensa ba su kai 2,000 ba, sunansa na kan kwandaloli iri-iri da ba sa ƙirguwa. Haka Palau da tsibiran Cook.

Abin ya zo har maƙwabta. Akwai kwandalolin masu tarawa da ke ɗauke da sunan Kamaru da Cadi da Nijar, da darajar sefa a rubuce, alhali zanen da ke kansu na gumakan Girka ne ko na almarar wata ƙasa mai nisa. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Garwa zai gama rayuwarsa ba a taɓa ba shi ɗaya a canji ba. Tambarin ƙasa a nan hatimi ne kawai da ke mayar da ƙarfe ya zama kuɗi a idon doka, don mai tarawa ya ce kuɗi ya saya, ba lambar ado ba.

Ranar sayarwa

Musulmin da ya mallaki ɗaya daga cikin kwandalolin Perth masu giram 311 ya wuce nisabin zakka, wanda yake misƙali 20 ko kusan giram 85, fiye da sau uku. Zinariyar za a auna a fitar mata. Daimon ɗin kuwa, a wurin jumhurun malamai, babu zakka a kansa sai in hajar kasuwanci ce. Nan ma an raba su gida biyu.

Kasuwa ma tana raba su ranar da mai ita ya tashi sayarwa. Zinariyar tana da mai saye a kowane gari, a kowace rana. Sauran kuɗin da aka biya don dodo da lamba takwas da mahaƙar da ta rufe, sai an sami wani wanda labarin ke motsa shi kamar yadda ya motsa na farko, kuma yana da abin biya. Irin waɗannan mutane ba a shagon zinariya ake samunsu ba. A babi na gaba za mu shiga ɗakin gwanjo, mu ga yadda ake tantance kwandala, wa ke ba ta maki, da abin da ke sa wata ta ninka kuɗinta wata kuma ta koma farashin narkarwa.